Musun Ahmed Musa a gidan kallo

Mu shida ne muke kallon ƙwallo tare a Rano, huɗu 'yan gari, biyu 'yan Kibiya da ke zuwa a babur. Ba mu taɓa musu mai zafi ba kamar na daren 11 ga Fabrairu, 2024, da Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka.

Ahmed Musa ne kyaftin, amma har aka gama gasar yana benci. Mu 'yan Rano muka ce wulaƙanci ne. Wanda ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya ƙara wa Iceland biyu a 2018, a ce ko minti ɗaya ba a ba shi ba? 'Yan Kibiya suka ce, "Malam, tarihi ba ya gudu a fili, Lookman ya fi shi kuzari yanzu." Ɗayanmu ya ce ai Lookman haihuwar Ingila ne, me ya sani game da ƙasar nan? Sati biyu ko gaisawa ba ma yi.

Daga baya muka gane ba Musa kaɗai muke karewa ba. Ya buga wa Kano Pillars, Hausa yake ji kamar mu. Ganinsa cikin koriyar riga yana sa mu yarda cewa yaron da ke wasa ba takalmi a filin makarantarmu zai iya kaiwa can. Tsoronmu, in ya sauka, wa zai gaje shi daga nan?

A teburin mai shayi muka shirya, 'yan Kibiya suka biya kuɗin shayin. Musun kuwa yana nan.