Perseverance ba haƙuri ba ne



Yaranmu da ke boko a nan Ibadan sukan fassara kalmar perseverance da haƙuri. Ni dai ban yarda ba. Haƙuri ana ba ka shi ne bayan asara, ka karɓa ka yi shiru, ko kana kwance a ɗaki. Ita kuwa wannan kalma Bature ba ya faɗinta sai ga wanda ya ci gaba da aikin da ke ba shi wuya. Naci ya fi kusa da ita, sai dai a wurinmu a ce maka mai naci ai ba yabo ba ne. Wataƙila dagewa.

Da aka ƙone kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, kowa ya zo ya ba mutanenmu haƙuri, har gwamnoni daga Arewa. Wasu suka hau mota sai gida, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu kuwa suka ciwo bashin kwandon tumatir suka sake kasawa a bakin titi. Da Turanci su ne masu perseverance. Danginsu na gida kuwa, masu taurin kai suke ce musu.