Ile-Ife, Inda Ake Koyon Maido Wa Majinyaci Aikin Hannunsa

Matafiyin da ya tashi daga Badun ya nufi gabas yakan ratsa kurmi da gonakin koko kafin ya isa Ile-Ife, garin da Yarbawa suka ɗauka shi ne tushensu. Yawancin baƙi fadar Ooni suke nufa, Bahaushe kuwa ya sauka Sabo wurin 'yan'uwa. A gefen gari ga Jami'ar Obafemi Awolowo nan shimfiɗe a gindin duwatsu. An kafa ta a 1961 da sunan Jami'ar Ife, aka sāke mata suna a 1987.

A cikin tsangayar ilmin lafiya ta wannan jami'a akwai wani fanni da jama'a ba su cika saninsa ba, har akan gama shi da gashin ƙashi, alhali kuwa dabam yake. Shi mai gashi ƙarfin gaɓa yake nema ya dawo. Su kuwa waɗannan ɗalibai ana koya musu su tambayi majinyaci me yake yi da gaɓar kafin ciwo ya same shi. Tela ne da ɓarin jikinsa ya shanye? To, sai ya iya riƙe almakashi za a ce an yi aiki. Tsohuwa ce? Sai ta ɗaura zanenta, ta kai loma baki ba da taimakon jika ba.

Karatun shekara 5 ne, kuma ba na malalaci ba ne. Da fari akwai sanin ginin jikin ɗan Adam da yadda jijiyoyi suke aiki, sa'an nan halayyar zuciya, don masu taɓin hankali ma suna cikin waɗanda ake kula da su. Daga baya ɗalibi ya shiga asibitin koyarwa, ya koyi ƙera madaurin da ke hana yatsu ƙanƙancewa, da kaurara ƙotar cokali don hannun da ba ya iya damƙa. Wanda ya raina irin wannan aiki bai taɓa ganin magidanci ana ba shi abinci a baki ba ne.

Samun digiri ba shi ne ƙarshe ba. Sai an yi shekara guda ana aiki a ƙarƙashin manya, an kuma yi rajista da hukumar da aka kafa a 1988 don lura da masu wannan sana'a. Bayan hidimar ƙasa, wani ya sami gurbi a asibitin masu taɓin hankali na Yaba a Ikko, wani kuma a asibitin ƙashi.