Saiwar Da Ta Rage

Yau ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba, ku yi mini uzuri. Wani abu ne ya same ni da kwamfutar da nake buga muku labarin da ita, na ga bai kamata in bar shi a cikina ba.

Kwamfutar ta Yayana ce, Allah ya jiƙansa. Da aka yi rabon gado a 2021 ita ce ta faɗo hannuna, tsohuwar tafi-da-gidanka mai Windows 7. Da na ga ta cika tana ja da ƙyar, sai na zauna wani dare a gidanmu na Bodinga na yi ta cire manhajojin da ya zuba mata, har da wata ta naɗar murya da ban san amfaninta ba.

Tun daga ranar, duk sanda na kunna ta sai wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, wai an nemi fayil ɗin manhajar nan ba a gani ba. In rufe shi, gobe ya dawo. Na duba jerin manhajoji, babu ita babu alamarta. Tsoro ya kama ni, don babi 19 na littafina suna ciki, kuma ba ni da su a ko'ina.

Ranar wata Asabar na shiga motar Tambuwal na sauka Shagari, wurin wani tsohon ɗalibina da ke gyaran waya da kwamfuta. Ya kunna, ya ga akwatin, ya yi murmushi.

"Malam, kwantar da hankalinka, wanga ba ƙwayar cuta ta ba. Icce ka sare, saiwa na nan ƙasa."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Idan an cire manhaja, ɗakinta da ke Program Files ne ake kwashewa, amma sau da yawa takan bar sawu wuri uku. Na farko jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. Sunanta na nan, shi ya sa kullum ake kiranta ba ta amsawa. Ya buga msconfig, ya cire alamar da ke gaban sunan. Na biyu rajistar Windows, wadda ya ce kada in kuskura in taɓa ta sai na adana kwafinta, don kuskure ɗaya kan hana kwamfuta tashi. Ya adana, sannan ya goge layin da ya shafe ta kaɗai. Na uku wata ɓoyayyar jaka mai suna AppData, inda manhajoji ke ajiye kayan mai amfani da su.

Ya bayyana jakar, ya ɗora yatsa zai goge. Ban san abin da ya sa na riƙe hannunsa ba.

"Dakata, buɗe mu gani."

Fayilolin murya ne guda bakwai. Ya danna na farko. Sai ga muryar Yaya ta cika shagon, yana dariyarsa mai tari a ƙarshe, yana cewa, "Inna, sake faɗi, wace shekara Kaka ya baro Sifawa?" Inna na amsa masa da faɗa, wai ya ishe ta da tambaya.

Yaron nan ya tashi ya fita waje ya bar ni. Allah ya yi masa albarka.

Ashe tarihin gidanmu Yaya yake tattarawa bai gaya wa kowa ba. Da mai gaggawa na kai wa, da an share komai na biya kuɗi har da godiya. Don haka ɗan'uwa, in za ka bi sawun manhaja, share sunanta a inda ake kiranta, amma kada ka goge jakar da ba ka leƙa ba.

Mun kwafe fayilolin da babina 19 a filashi biyu. Akwatin bai sake fitowa ba.

Bayan sallar isha'i na kunna wa Inna. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce uffan ba, sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Akwai inda na yi mai kuskure. Ɗauko abin naɗar, in gyara."

Washegari na mayar da manhajar da na cire.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Labarinmu zai ci gaba mako mai zuwa in sha Allahu.