Ɓera da Maganinsa

Duk kaka, da zarar gero da gyaɗa sun shiga rumbu a Gaya da Ajingi, sai ɓeraye su tare a gidajenmu. Ɓarnarsu ba ta tsaya ga hatsi ba. Fitsarinsu da kashinsu kan jawo zazzaɓin Lassa. Amma ni shinkafar ɓera ta fi tayar mini da hankali, domin ko yaro aka aika kasuwa sai a sayar masa. A 2014, a wani ƙauyen Gaya, maganin ɓera da aka zuba a abinci ya hallaka mutum huɗu. Shi ya sa a gidanmu muka koma ga kyanwa da tarko, muna liƙe ramuka da siminti, hatsi kuwa sai duro mai murfi.