Sawun Giwa

Shekara uku muna ɗauke da bashin giwa a gidanmu. Ilham tana da shekara huɗu lokacin da ta ga hoton giwa a littafin makarantarsu, ta tambaya ko da gaske akwai ta. Muka ce akwai, ga ta nan ma a jihar Bauchi, in an yi hutu za mu kai ta Yankari ta gani da idonta. Aka yi hutun ya wuce, aka sake wani ya wuce. Kullum da dalili, kuma dalilan na gaskiya ne: haihuwar Auta, kuɗin haya, sai kuma aikin Abbansu, wanda shi ne ya zauna rubuta wannan da yawunmu duka. Aikin rubuta manhaja ba shi da ƙararrawar tashi. Ofis ɗin yana falo, yana ɗakin kwana, wani lokaci har kan tabarmar cin abinci.

Abin da ya tashe mu tsaye wata magana ce da muka tsinta ta taga, a makon da aka ba da dogon hutu. Sadik ya tambayi yayarsa yaushe za a je ganin giwar, ita kuwa ta amsa masa da muryar manya: "Sai Abba ya gama aiki. Kuma ba ya gamawa." Ko alamar fushi babu a muryarta, kamar mai ba da labarin cewa gobe Talata. Da ma kuka ta yi, da ya fi mana sauƙi.

A daren muka buɗe jadawali a kwamfuta. Kuɗin makarantar zangon farko muka fara warewa gefe, da na yunifom da takalma da littattafai, domin Sadik zai shiga aji ɗaya na firamare, Ilham aji uku. Abin da ya rage bai kai ba, sai da Ummansu ta ɗora kwasar adashinta da ta yi niyyar sayen firiza da ita. Duk wanda muka yi shawara da shi sai ya ce mun zaɓi lokacin da bai dace ba, wai da rani ake zuwa Yankari, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji neman ruwa. Mun ji, mun kuma yarda. Sai dai dogon hutun makaranta a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma mun san kanmu: in muka ce sai rani, sai wani ranin.

Muka bar Kano ranar wata Juma'a bayan asuba, a makon ƙarshe na Agusta, da kular dambun nama da cincin da gorar zoɓo. Abbansu ya tsara tafiyar awa bayan awa, yadda yake tsara aikin ofis. Tsarin bai haye gadar Wudil ba. Nan Sadik ya ce fitsari, kafin Birnin Kudu Auta ta amayar da kokon safe a jikin Ummansu, a Ningi kuma aka tsaya sayen gasasshiyar masara, aka yi rigima a kan wa ya sami babba. Amma hanyar ta biya mu. Gero ya fid da kai, duwatsu sun yi kore, yaran da suka tashi tsakanin katanga da katanga suna ta tambayar sunan kowace shuka. Kunya ta kama mu da muka ga mu ma ba duka muka sani ba.

A Bauchi muka yi sallar Juma'a, muka ci masa da miyar taushe, sannan muka ɗauki hanyar Gombe. A Dindima ake karkata a nufi ƙofar dajin da ke Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Mun karanta wa yaran duk wannan a mota, babu wanda ya saurara. Hancinsu na manne da gilashi, kowane kututture giwa ne.

Gwaggon birai ne suka tarbe mu. An gargaɗe mu tun a ƙofa cewa kada a riƙe leda a fili, amma gargaɗin bai isa kunnen Auta ba. Muna sauke kaya wani ƙato ya taho a natse kamar mai karɓar haraji, ya zare ledar cincin daga hannunta, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu. Auta ta tsala ihu, Sadik ya shige bayan Ummansu, Ilham kuwa dariya har da faɗuwa. Can gefe mugun dawa ya durƙusa a gwiwa yana kiwo, ko ɗaga kai bai yi ba.

Da la'asar sakaliya muka gangara matakalar da ke kai wa ga ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Muna cire wa yara takalma wayar Abbansu ta yi ƙara. Uwar garken wani kamfani da yake yi wa aiki ta daina karɓar biyan kuɗi, kuma yammacin Juma'a ne, ƙarshen wata. Ya ɗauki hutu a rubuce, ya miƙa komai ga abokin aikinsa, amma ɓangaren da ya lalace shi ya rubuta shi.

"Abban Ilham," in ji Ummansu. Iyakar abin da ta ce ke nan.

"Minti goma, Maman Ilham."

Awa ɗaya da rabi ya yi a sama, zaune a dakali inda sabis ke ɗan kamawa, kwamfuta a cinya, wani gwaggon biri na leƙen jakarta. Masu sana'ar suna kiran irin wannan matsala ƙwaro, kuma na ranar layi ɗaya ne tak. A cikin wannan awa ɗaya da rabi Sadik, wanda ko wanka ake masa sai an yi dambe, ya saki hannun uwarsa ya shiga ruwa har ƙirji da kansa. Akwai bidiyon a waya. Mun kalle shi tare da daddare bayan yara sun yi barci, ba mu ce wa juna komai ba. Ba za mu ce aikin nan abin banza ne ba, shi ya zuba man da ya kawo mu. Amma washegari kwamfutar a but ɗin mota ta wuni, makullin kuma yana jakar Ummansu.

Da sassafe muka hau motar zagaya daji. Ciyawa ta fi mutum tsayi, ƙudan tsando na cizo ta cikin riga. Mun ga gwambaza guda uku, mun ga mazo ya gilma, zabbin daji kuwa ba adadi. Awa biyu ana tafiya Ilham ba ta zauna ba. Mai yi mana jagora, wani dattijo mai sanyin murya, ya lura da ita, ya bayyana mata cewa da damina ruwa yana ko'ina, don haka giwaye sukan watsu, wani lokaci ma su fita har gonakin ƙauyukan da ke gefen dajin su yi ɓarna. Wannan ya tsaya mana a rai. Abin da muka kashe kuɗin firiza don mu gani, wani manomi kwana yake bai runtsa ba yana roƙon kada ya gan shi.

Muna hanyar komawa dattijon ya sa direba ya tsaya. Rassan bishiya a kakkarye, ga tulin kashi, ga kuma rami a cikin laka mai faɗin faranti.

"Sauko, 'yata. Jiya da daddare ta wuce nan."

Ilham ta sauka, ta zura ƙafafunta biyu cikin sawun, da sauran wuri. Ta daɗe a tsaye tana kallon inda ciyawa ta kwanta ta nufi cikin daji. Sannan ta ce, "Baba, tana jin mu yanzu?" Ya ce mai yiwuwa, ai kunnenta ba ƙarami ba ne. Sai ta ɗaga murya ta yi wa giwa sallama. A mota kuma ta kifa kai a cinyar Abbansu ta yi kukanta mai isarta, domin sawu dai ba giwa ba ne, mu ma ba mu yi ƙoƙarin gaya mata cewa ɗaya suke ba. Da yamma muka koma Wikki mu biyar, ba mu fito ba sai da yatsun kowa suka yamutse.

An koma makaranta a Satumba. Sadik ya shiga aji ɗaya da yunifom ɗin da ya yi masa yawa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa biri ya yi wa ƙanwarsa fashi. Ilham aka ba su aikin gida su rubuta yadda suka yi hutu, ta zana wani ƙaton da'ira da ƙananan ƙafafu biyu a ciki. Da ta gama ta kawo littafin inda Abbansu ke aiki, ta tsaya har ya ɗago.

"Abba, yaushe ne rani?"

Muka buɗe kalandar makarantar tare da ita, muka nemo hutun tsakiyar zango na biyu, ita da kanta ta rubuta "giwa" a jadawalin, a ƙarƙashin layin firiza.