Hannun da Zai Fara Taɓa Faifan

A daren wata Laraba faifan ajiya na kwamfutata ya soma ƙas-ƙas kamar agogon bango, sannan ya yi shiru. A cikinsa akwai hirarraki 17 da na naɗa da mahaifina kafin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina.

Washegari mai gyara na unguwarmu ya ɗauko sukudireba zai buɗe shi. Na riƙe masa hannu. Farantin da ke ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuwa tana shawagi a kansa a tazarar da ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Ƙura ɗaya ta shiga tsakani sai ta karce wurin, abin da ke rubuce a nan ya tafi ke nan. Ƙarar kanta galibi alama ce ta allurar ta lalace, kowace kunnawa ƙarin ɓarna ce.

Don haka na tanadi tambayoyi uku ga masu wannan sana'a. Kuna da ɗaki mai tace iska? Za ku fara kwafe faifan dungurungum, ku yi aikinku a kan kwafin? Za ku nuna mini jerin abin da ya dawo kafin in biya?

Mutum biyu sun rantse mini komai zai dawo tun ba su ga faifan ba, na wuce su. Na ukun ya ce sai ya duba, kuma ba zai yi alkawari ba. Shi na danƙa wa.

Hira 14 suka dawo. Yanzu kwafinsu uku ne, ɗaya yana gidan ƙanwata a Zariya.