Manoman Geron da Suka Riga Mu: Tafiya Daga Shanono Zuwa Nok

Mutumin Shanono in ya yi kudu, ƙasa ce ke fara sauya masa kafin mutane. A wajenmu gona na jingine da gona, gari na hango gari, babu taku ɗaya da garma ba ta taɓa ba. Na bi ta Gwarzo na shiga Kano, daga nan Zariya, Kaduna, sai Kachia. Tun kafin Kwoi rairayi ya ɓace, jar ƙasa ta karɓi hanya, duwatsu suka miƙe, itatuwa suka yi duhu. Inda mu za mu sa gero da gyaɗa, su citta ce shimfiɗe, da doya a kan manyan kunyoyi. Kwoi ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, ƙasar mutanen da ke kiran kansu Ham, kuma daga can ƙauyen Nok ba shi da nisa.

Ƙauye ne tsit a gindin duwatsu. Wani dattijo da na tarar a inuwa ya tare ni da Hausa tsaf: "Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?" Na ce, "Daga ƙasar Kano, Baba." Ya sa aka kawo mini ruwa kafin ya tambayi abin da ke tafe da ni, sannan ya haɗa ni da wani saurayi ya raka ni ɗan gidan adana kayan tarihin da ke garin. Mutanen nan sun san sunan ƙauyensu na cikin littattafan tarihin duniya, amma ban ga wanda ya ɗaga mini kafaɗa saboda haka ba. Wannan ya shiga raina.

Haƙar kuza ce ta tono labarin. A 1928 masu haƙa a kusa da Nok suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, wani Bature mai suna Dent Young ya kai shi Jos aka ajiye. A 1943 aka sake samun wani kan, na mutum, a wajen Jama'a. Ma'aikacin da ya tsince shi gonarsa ta doya ya kai shi, ya kafa don tsorata masu ɓarna, har ya shekara a can. Da kan ya zo hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanta ilimin tona kayan tarihi, sai ya gane cewa shi da na 1928 aikin al'umma ɗaya ne, ya sa wa al'ummar sunan ƙauyen. Shekarun nan kuwa su ne na Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake kwasar talakawan Arewa a kai su aikin kuza na tilas. Da gumin leburori aka buɗe ramukan da kayan nan suka fito.

Na daɗe a gaban kawunan nan, a Nok da kuma daga baya a gidan tarihi na Jos, wanda Fagg ya buɗe a 1952. Hoto ba ya nuna su yadda suke. Idon ne ke fara kama ka: babba, mai kusurwa uku ko kamar rabin wata, da rami a tsakiya, ta yadda duk inda ka tsaya sai ka ji kai yake kallo. An huda hanci, an huda baki, sau da yawa har kunne. Cikinsu fanko ne, domin ba sassaƙa su aka yi ba, ɗora su aka yi zobe bisa zobe yadda magina ke ɗora randa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen tuyar tukwane ya san yumɓu mai kauri na fashewa in iska ta rasa mafita, don haka ramukan nan sun yi ado sun kuma yi aiki. Ga kitso iri-iri, wani an ɗaure shi curi-curi, wani an kwantar. Ga tsakiya a wuya, warwaro a hannu, jigida a ƙugu. Akwai na zaune da haɓa a kan gwiwa, ya yi tagumi. Akwai ma waɗanda aka gina da alamun cuta a jikinsu, kumburin gaɓa ko karkacewar baki. Maginin bai kawar da kai daga maras lafiya ba, ya dube shi da kyau ya ba shi wuri tare da masu ado. A nan ne na ji girman mutanen ya cika mini ido.

Na san wani mai karatu zai ce, me ya kai Musulmi kallon mutum-mutumi? Ban je da niyyar girmama gunki ba, kuma ba wanda na ga yana yi musu sujada. Na je ganin sawun waɗanda suka shuɗe ne, abin da malamanmu suka sha kwaɗaitar da mu a kansa don mu yi tunani. Allah ne ya ba su hannun da basirar, kamar yadda ya ba wasu.

Al'ummar Nok ta daɗe. Awon gawayi da na ƙwayoyin hatsi ya nuna ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta kai har kusan zamaninsa. Amma ƙarni na 5 kafin haihuwar tasa shi ne ya fi tsaya mini, domin shi aka fi koya mana a makaranta, ba tare da an ambaci ƙasar nan ko sau ɗaya ba. A ƙarnin ne Farisa ta su Dariyus ta kara da Girkawa a Maraton a shekara ta 490. A cikinsa Konfushiyus, malamin Sin, ya rasu a 479. Mutanen Atina suka gina ɗakin Fartenon tsakanin 447 da 432, Herodotus na rubuta tarihinsa, Rum kuwa ba ta wuce ƙaramar jamhuriya mai rigima da maƙwabta ba. To a daidai wannan lokaci, a nan tsakiyar Nijeriya, yumɓun nan na shiga wuta, kuma ana narkar da tama.

Maganar ƙarfen ba ƙarama ba ce. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, Fagg ya tono murahun narkar da tama a shekarun 1960, da ragowar dattin ƙarfe da bututun yumɓu na hura iska. Suna cikin mafiya daɗewa da aka sani a Afirka ta Yamma. Narkar da tama sai da sanin wane dutse ne mai ƙarfe, wane icce ne gawayinsa ke jure zafi, da yadda za a riƙe wuta ba tare da ta faɗi ba. Ilimi ne da uba ke miƙa wa ɗa. Manomi ya fi kowa sanin darajarsa, tunda ya san bambancin fuskantar saura da gatarin dutse da fuskantarta da na ƙarfe.

Abin da ya fi taɓa ni bai kai ƙwayar idon allura girma ba. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Faranfot a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi shekaru suna haƙa tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya. Suna tace ƙasa da ruwa don ƙonannun ƙwayoyi su taso. Abin da ya fi tasowa gero ne, sai wake. Gero da wake! Abin da ke cikin rumbun kowane gida a Shanono ke nan, abin da muke shukawa ɗaya a tsakanin ɗaya duk damina. An samu duwatsun niƙa birjik, an samu ƙwallon atili, wanda har yau ake sayarwa a kasuwannin Jos. A 2021 wani bincike da aka yi a kan sakainun tukwanensu ya gano kakin zuma a kusan ɗaya bisa uku na waɗanda suka riƙe alamar abinci. Gero kuwa ɗan Sahel ne, shi ya sa masu binciken ke ganin daga arewa mutanen suka gangaro da irinsu.

Ba a tono fada ba a Nok, ba a tono ganuwar babban birni ba, ba su bar rubutu ba. Abin da ƙasa ta nuna ƙananan unguwanni ne a warwatse a kan tudu da gangare. An saba auna wayewa da sarki da dala da rundunar yaƙi. Nok ta sa na daina yarda da wannan ma'auni shi kaɗai. Manoma ne masu surfe da niƙa, amma cikin hidimar ciki sun ware lokaci da hatsi don mai gini ya zauna ya ƙware, har salonsa ya bazu a faɗin ƙasa mai yawa ya kuma ɗore ɗaruruwan shekaru.

Akwai ɓacin rai a ciki. Tun da kasuwar kayan ta buɗe a Turai, masu tonon sata suka yi wa wurare da dama kaca-kaca, su ɗauke kai su watsar da gawayin da zai faɗi shekarunsa. A shekara ta 2000 an baje wasu kayan Nok a gidan tarihi na Luba a Faris, abin ya jawo ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro. Irin wannan wawaso ya shafi kayan yumɓun da aka tono a ƙasashen Sakkwato da Katsina da Kwatarkwashi. Ke nan abin ya zo har ƙofar gidanmu.

A Jos, a harabar gidan tarihin, an gina kwatancin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa. Na tsaya a gindin ganuwar na tuna cewa a Dala ma an samu alamar narkar da tama ta wajen ƙarni na 7 miladiyya, shekara dubu da ɗoriya bayan ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Kirana ga shugabannin makarantun Shanono da Bagwai da Gwarzo shi ne su riƙa kai ɗalibai Jos ko Kaduna su ga kayan Nok da idonsu, in hali bai yi ba a fara da Gidan Makama a Kano. Kai kuma manomi, in garmarka ta tono tsohuwar sakaina mai zane ko dunƙulen dattin ƙarfe, kada ka jefar, kada kuma ka sayar wa dillali. Ka bar shi inda yake, ka sanar da mai unguwa domin a kai labari gidan tarihi.